Inshorar Baba Tela

Har yau in na shiga gidan mutane, kafin a gama gaisawa idona ya riga ya sauka a kan kujerunsu. Ina duba ko zanen yadin ya haɗu a kusurwa, ko ɗinkin ya miƙe, ko an yi ha'incin soso. Baban yarana ya sha yi mini faɗa, ya ce wata rana sai an koro mu daga gidan suna. Na kasa dainawa. Shekara shida na yi a wani shagon gyaran kujeru a Greensboro, can Amurka, kuma dattijon da ya koya mini wannan kallo, babu satin da zai wuce ban tuna shi ba.

Na iso garin a farkon shekarun dubu biyu, na biyo baban yarana da ke karatu. Shagon na wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, tsohon garejin mota ne ya mayar wurin aiki. Ma'aikatansa biyar duk 'yan Nijar ne, Faransanci a bakinsu kamar ruwa, amma da waya ta yi ƙara sai kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa ya zama kurma. Shi ya sa aka ɗauke ni. Turancina na Kano, wanda 'yan kanti ke sa ni maimaitawa sau uku, a shagon nan shi ne sarki. Ni ce mai amsa waya, ni ce mai karanta wasiƙu, ni ce mai cike wa kowa fom.

Kujerun masu hali muke gyarawa. Daga unguwar Irving Park ake kawo mana tsofaffin kujerun kakanni, irin waɗanda a gida da tuni an hura wuta da su, a nan kuwa matar gida za ta tsaya tana shafa katakon tana ba mu tarihinsa har ƙafata ta gaji. Na Summerfield da warin kare da na doki suke zuwa, sai mun bar su a waje sun sha iska kwana biyu. Samarin shagon su ke kwance tsohon yadi, su canza soso, su buga ƙusa. Amma yanka da ɗinki, wannan na mutum ɗaya ne.

Baba Tela muke ce masa. Badamagare ne, ya haura hamsin, siriri, kullum tef ɗin awo na rataye a wuyansa, allurai biyu ko uku a gefen bakinsa. In ya shimfiɗa yadi mai zane a kan tebur, sai ya ja da baya ya kalle shi shiru, ya karkata kai, sannan ya sa almakashi ba tare da ya sake dubawa ba. Bayan azahar shi ke dafa shayi a 'yar butarsa, mai ɗacin da sai ka runtse ido. Tun ranar da ya ji daga Kano nake na shiga uku, don tsakanin Kanawa da Damagarawa ba a raga wa juna.

"Bakanuwa, yau nawa kika sayar da mu?" Haka yake tarbata duk safiya.

"Baba, Badamagare ai ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Sai ya yi dariya har ya cire allurai daga baki don kada ya haɗiye. Amma in magana ta gaskiya ce, ba ya cewa Bakanuwa, ɗiyata yake cewa. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna Damagaram, rabonsa da su ya kusa shekara goma. Ran Lahadi da safe yake kankare katin waya ya kira su. Ni kuma da na baro mahaifina a Kano, ban san lokacin da na ɗauki wannan dattijo na ajiye a gurbinsa ba.

Alhaji irin iyayen gidan nan ne na da. A wurinsa, wanda yake aiki a ƙarƙashinka, ciwonsa ciwonka ne, kai za ka kai shi asibiti, kai za ka sayi magani. Ya ci gaba da haka a Amurka har ranar da aka yi wa ɗaya daga cikin samarin tiyatar gaggawa, takardar asibiti ta iso. Na karanta masa, ya ce in sake karantawa, ya ɗauka na ƙara sifiri. Satin nan ya sa na nemo dillalin inshorar lafiya. Aka yanka wa kowa tasa, da sunansa, da katinsa, Alhaji kuma ya ɗauki nauyin biya duk wata da cak ɗin shago.

A cikin fom ɗin akwai wani layi da ke tambaya ko kamfanin da mutum yake wa aiki zai biya wani abu daga cikin kuɗin. Na tambayi Alhaji me zan rubuta. Ya ce, "Wane kamfani? Kamfani ya san zumunci? Ni ke biya, ba kamfani ba." Na ga maganarsa ta yi ma'ana, na sa a'a a fom biyar, hankalina kwance.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai ba kowa kuɗinsa ya biya da kansa ba, ya rage mini aiki. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "'Yar nan, kuɗin da ya taɓa tafin hannun ɗan ci-rani, ya riga ya isa gida. Ni ma ɗan ci-rani ne, na san mu."

Bayan shekara guda da yankar inshorar aka gano Baba Tela yana da ciwon suga. Katin nan ya yi rana. Shi ke biyan likita, shi ke rage kuɗin magani, shi ke kai shi a duba masa ido, don likita ya ce suga ɓarawon ido ne, ba ya sallama. Dillalin ya kira ni gefe ya ce in riƙe wa tsohon nan inshorarsa da hannu biyu. A wancan zamanin, in kana da ciwo irin wannan, kamfani na iya ƙin sayar maka da sabuwa. Wadda ya samu yana da lafiya ita ce ke nan. In ta mutu, ba ta tashi.

Muna cikin haka, wata safiya wasiƙa ta zo daga kamfanin inshorar, da cak ɗin Alhaji maƙale a jikinta. Sun dawo da shi. Wai sun lura da sunan shago a kai, kuma ba sa karɓar kuɗin inshorar mutum ɗaya daga hannun wanda ya ba shi aiki. Na kira su, wata mata mai zaƙin murya ta maimaita mini abin da ke cikin wasiƙar sau uku, ta yi mini fatan wuni lafiya. Na ajiye wayar da ƙarfin da ya sa Baba Tela ya leƙo ya ce ko an taya Bakanuwa da arha ne.

Alhaji ya sa babbar riga muka tafi wurin wani lauya, Bature mai furfura da muka taɓa gyara wa kujerun ofis. Ni ce tafinta. Abin da na fahimta daga bayaninsa shi ne, dokar haraji ta ƙasa ba ta hana mai kamfani taimaka wa ma'aikacinsa da kuɗin inshora ba. Amma dokar inshora ta jiha da wani ido take kallon abin. Da zarar ƙaramin kamfani ya sa hannunsa a biyan, ana iya ɗaukar inshorar a matsayin ta ma'aikata gaba ɗaya, ita kuwa wannan tana da nata sharuɗɗa, dole a karɓi kowa, mai lafiya da marar lafiya. Kamfanin da ya sayar wa mutum ɗaya ba ya son a ja shi cikin wannan, shi ya sa ya dawo da cak.

Alhaji ya gyara zama. Ciniki ya zo, ka san ɗan kasuwa.

"Tambaye shi, in na biya daga aljihuna fa, ba daga asusun shago ba?"

Lauyan ya ce ko daga ina kuɗin ya fito, Alhaji ne dai mai ba su aiki. Ya kuma nuna mini layin nan da na sa wa a'a, ya ce in amsar ba daidai ba ce, ranar da babban ciwo ya zo kamfanin na iya cewa an yaudare shi ya janye jiki.

"To in Hajiya ta biya?"

Lauyan ya yi murmushi, ya ce ba zai ba da wannan shawarar ba.

"In na ba su kuɗin a hannu, na sa kowa ya dafa Alƙur'ani cewa inshora zai biya?"

Na fassara yadda na iya. Lauyan ya daina murmushi. Ya ce a nan lauyoyi su kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. In aka ɗaura wa kuɗin sharaɗi, ko aka ce a kawo rasit, wasu za su ce har yanzu Alhaji ne ke biya. Hanya biyu ya gani masu tsafta. Ko dai Alhaji ya yanki inshorar ma'aikata gaba ɗaya, ko kuma ya ƙara wa kowa albashi, a cire haraji, kowa ya biya da cak ɗinsa. Amma fa ba sharaɗi, kuma ba tambaya.

"Ba tambaya?" in ji Alhaji.

"Ba tambaya."

"Wato in watsa wa kaji gero, in ce su ajiye na iri."

Wannan ban fassara ba.

Ba zan ce dokar ba ta da dalili ba. An yi ta ne don kada mai kamfani ya tsince lafiyayyu ya watsar da marasa lafiya. Amma a ranar ji na yi kamar in shaƙe wanda ya rubuta ta. Mutum ya ce zai yi alheri, an ce masa sai dai ya yi a makance. Mun nemi farashin inshorar gaba ɗaya, dillali ya kawo, Alhaji ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa, ya ce shagon nan ba zai ɗauka ba ko an sayar da keken ɗinki. Hanya ta biyu ta rage.

Bayan sallar la'asar Alhaji ya tara ma'aikatan a tsakanin kujerun da aka feɗe. Ya bayyana musu komai. Ya ce daga wannan wata kowa zai ga ƙari a albashinsa, kuma an hana shi ya faɗi abin da za a yi da shi, an hana shi ya tambaya. Sannan ya ce, "Amma kun san abin da ke zuciyata." Idonsa a kan Baba Tela yake. Baba ya ce, "In sha Allahu, Alhaji." Wata takwas yana kawo mini littafin cak ɗinsa ina rubutawa yana sa hannu, ina kai wa gidan waya da kaina.

Sai damina ta yi ƙarfi a Damagaram. Wata Litinin Baba ya shigo bai tambaye ni nawa na sayar da su ba. Ya dafa shayi bai sha ba. Da samarin suka fita kai kaya Sedgefield, ya jawo kujera ya zauna gaban teburina. Ruwa ya rushe ɗakin matarsa, na ƙasa ne, tun na mahaifinsa. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. Amma ita da 'yan matansu biyu sun koma ɗakin da yayansa ke ajiye hatsi.

Ya ajiye mini fom ɗin aika kuɗi. Littafin cak ɗin kuwa bai fito da shi ba.

"Ɗiyata, wannan watan asiransi ta yi haƙuri." Haka suke kiran inshora da Faransancinsu.

Na ce ba ta san haƙuri ba. Na ce kwana talatin kawai suke ɗaga ƙafa. Na tuna masa maganar dillali, na tuna masa idonsa. Ya ce wata ɗaya ne. Wata ɗaya ya zama biyu, don an sayi bulo ba a sayi siminti ba. A wata na biyun na tashi tsaye na ce wallahi Alhaji zan faɗa wa, yau ɗin nan. Muryata ta yi sama har na ji kunyar kaina.

Bai ɗaga tasa muryar ba. Ya ce, "In kin faɗa masa, me zai yi?"

"Zai gina ɗakin mana!"

"To. Shi ya karɓe ni a garin nan. Shi ya ba ni keken ɗinki, shi ya nema mini wurin kwana, shi ke biya mini lokotoro in ciwo ya kama ni. Ɗakin matata ma shi zai gina? Matar da ta jira ni shekara goma, in an tambaye ta wa ya rufa mata asiri, ta ce uban gidan mijinta? To ni mene ne, ɗiyata?"

Na zauna na cike masa fom ɗin. Na sha ba kaina uzuri daga baya, na ce ai lauya ma ya ce ba tambaya, na ce ai babba ne, ba a tona wa babba asiri. Duk zance ne. Gaskiyar ita ce ya roƙe ni da muryar mahaifina, ni kuma na kasa ce masa a'a. Da takardar soke inshorar ta je gidansa, a cikin hularsa ya kawo mini ita, ko buɗewa bai yi ba. Na karanta a zuci, na ninke, na mayar masa. Bai tambaye ni me ta ce ba.

Ya daina zuwa likita. Aka aiko masa da garin hulba da busasshen zogale da wasu saiwoyi masu ɗaci, yana jiƙawa a kwalba. Ya ce suga tsoron ɗaci yake yi, shi ya sa Kanawa masu zaƙin baki suka fi kamuwa. Na yi dariya don ya ji daɗi. Alhaji kuwa ya cika umarnin lauya, bai taɓa tambaya ba. Wani lokaci dai zai tsaya a bakin ofis ya ce mini, "Komai lafiya?" In ce lafiya lau. Sai ya ɗan jima a tsaye, sannan ya wuce.

An fi shekara a haka. Abin ya fara da zare. "Bakanuwa, zo ki yi aikin lada ko sau ɗaya a rayuwarki," sai ya miƙo mini allura in zura masa. Sannan wata doguwar kujera mai ratsi-ratsi ta dawo daga Sedgefield, matar ta ce ratsin bai haɗu ba. A shekarun da na yi a shagon ba a taɓa dawo da aikin Baba Tela ba. Alhaji ya ɗora laifin a kan yadin. Baba ya zauna ya warware ɗinkin da hannu yana lalube.

A cikin satin ne wani matafiyi ya dawo daga gida da kilishi da wasiƙu, ya kawo wa Baba hoto. An gama ɗaki. Na gan shi ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya kai hoton kusa da hanci, ya miƙa shi nesa, ya karkata kai yadda yake yi wa yadi. Ya daɗe. Sannan ya shigo ya ajiye mini a tebur.

"Ɗiyata, faɗa mini abin da kika gani."

A nan na gane. Na dubi hoton don kada in dubi fuskarsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na bulo, ba filasta, ba fenti. An danne kwanon rufin da duwatsu. Ƙofar da gwangwanin tsohon duro aka yi ta, tagar kuma rami ne da aka toshe da buhu. A gaba wata mata ce a tsaye, ramammiya, ta rufe bakinta da gefen mayafi tana dariya. Abin da idon Baba Tela ya saya ke nan.

Na ce, "Baba, ɗaki ya yi kyau. An yi masa filasta, an shafa farin fenti. Ƙofar ƙarfe ce, shuɗiya. Ga taga mai gilashi. Har da 'yar baranda a gaba."

"Har baranda? Kai, yaya ya yi ƙoƙari." Fuskarsa ta washe. "Ita fa?"

"Ta yi ƙiba, Baba. Tana dariya."

"Dariyar na yarda. Ƙibar kuwa, Bakanuwa, kada ki yi mini ciniki."

Ya karɓi hoton ya sa a aljihun gaba. Ni kuma na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

Ranar na samu Alhaji na ce masa idon Baba ya taɓu. Maganar katin kuwa ban faɗa masa ba. Alhaji ya ce shi zai kai mu likitan ido da motarsa. A hanya yana ta cewa Allah ya sa mun yi dabarar inshorar nan, rigakafi ya fi magani. Baba na gaba yana jan carbi, ni ina baya ina addu'ar ƙasa ta tsage. A asibitin, matar da ke karɓar baƙi ta nemi kati. Baba ya ciro shi daga 'yar jakar fata, ya miƙa da hannu biyu, kamar bai san komai ba. Ta danna na'urarta, ta sake dannawa, ta ɗago ta ce wannan ya mutu fiye da shekara.

Ba sai na fassara ba. Alhaji ya ciro nasa katin banki ya biya kuɗin ganin likita. Sai da muka dawo mota, ya riƙe sitiyari bai tayar ba.

"Tun yaushe, Malam?"

Baba ya faɗa masa duka, ruwa da bulo da kwano.

"Ɗaki ɗaya? Saboda ɗaki ɗaya? Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ai da na gina!"

"Shi ya sa, Alhaji."

Alhaji ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Da ya ɗago, ta madubi ya neme ni. "Ke ma kin sani," ya ce. Ba tambaya ba ce. Bai sake tayar mini da maganar ba har muka rabu, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun buga ko'ina. Kamfanin ya ce sai a cike sabon fom na lafiya, muka cike, suka ƙi. Alhaji ya ce ko shagon zai durƙushe zai yanki ta gaba ɗaya, dillali ya ce tunda an daɗe ba inshora, za a iya sa Baba ya jira kusan shekara kafin su taɓa ciwon da ya shigo da shi. Likita kuwa ya ce idon ba zai jira ba, da yawa ya riga ya tafi, abin da ya rage ma sai an yi ta zuwa ana aiki a kai. Alhaji ya biya aikin farko. A masallaci aka yi karo-karo, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Gana, har da matan da ke kitso. Baba ya yi godiya, ya sa aka mayar wa kowa nasa.

Ya ce, "Ɗan hasken da ya rage mini ba zan ƙarar da shi a kan kujerun Nasara ba. Ina son in ga fuskar matata."

Wa zai ja da wannan? Alhaji ya gwada, har ya yi fushi, har ya yi hawaye a gaban samari. Ni ban ko gwada ba, na san bakina ba shi da sauran daraja a maganar. Ranar tafiyarsa ya zagaya shagon yana shafa tebur da keke da almakashi. Ya cire tef ɗin wuyansa ya rataya mini. Ya ce in riƙa auna maganata da shi kafin in faɗa, ko da yake ya san tef ɗaya ba zai ishi Bakanuwa ba.

Shagon bai koma daidai ba. An ɗauki wani tela, yana da ƙoƙari, amma ba ya dafa shayi, kuma in na shigo da safe ina kwana kawai yake ce mini. Da kasuwa ta faɗi a ƙarshen shekarun nan, masu hali suka daina gyaran kujerun kakanninsu, Alhaji ya rufe. Ina kewar warin gam da ƙurar soso, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba. Ina kewar a tsokane ni da safe.

Wata biyar bayan tafiyarsa na iya tattara ƙarfin hali na sayi katin waya. Ran Lahadi da safe na kira, lokacin da shi yake kira da. 'Yarsa ta ɗauka, na ji tana gudu tana cewa Baba, Amirka ce.

"Alo? Wa ke nan?"

"Baba, ni ce."

"Bakanuwa! Nawa kika sayar da shagon?"

Muka yi dariya, muka gaisa, ya tambayi Alhaji da samari ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi ko ya ga fuskar Inna matarsa. Ya ce ya ga inuwarta a bakin ƙofa ranar da ya sauka, kuma muryarta ba ta tsufa ba, wannan ya ishe shi. Yanzu kam ko inuwar babu. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin farashin gero.

Sannan ya ce, "Ɗiyata, na zagaya ɗakin da hannu. Ni tela ne, hannuna ba ya yi mini ƙarya. Ba filasta. Ba baranda. Ƙofar ta gwangwani ce, har ta yanke ni."

Na fashe da kuka. Na ce ya yafe mini, hoton, da fom ɗin, da shirun da na yi, da komai. Na ce da na faɗa wa Alhaji da yanzu yana gani.

"Yi shiru mana, katinki na ƙonewa. Ba don ki yi kuka na faɗa ba. Ruwa ba ya shiga, ita kuma tana kwana a ɗakin da mijinta ya gina. Abin da nake son ki sani, hannuna ya faɗa mini nasa, yara sun faɗa mini nasu, amma in na zauna a ciki, naki nake gani. Fari, da shuɗiyar ƙofa. Abu ɗaya ne ya shige mini duhu. Tagar nan mai gilashi, ta gabas kika ce ko ta yamma?"

Wata murya ta shigo tsakaninmu da Turanci ta ce saura minti ɗaya. Na share hanci da gefen mayafi.

"Ta gabas, Baba."

"Madalla," ya ce. "Ni ma haka na sa ta."